Wata takwas a shagon Alhaji: ɗaukata aka yi ko riƙona ake yi?

Assalamu alaikum Baba. Shekarata 26, na gama difloma a fannin akanta shekara uku da suka wuce, aiki bai samu ba. Bayan Ƙaramar Sallah kawuna ya kai ni wurin wani amininsa mai shagon atamfa da leshi a Kano. A gabana ya ce masa, "Alhaji, ga ɗanka nan na kawo maka." Alhaji ya ce, "Madalla, ya zo ya riƙa zama da mu." Iyakar maganar da aka yi ke nan. Yau wata takwas. Ni ne buɗe shago, ni ne rubuta kaya da lissafin masu bashi, ni ne kai kuɗi banki. Kullum ana ba ni kuɗin abinci da na mota, da Babbar Sallah an yi mini ɗinki, amma ba a taɓa yi mini zancen albashi ba. A gida kowa cewa yake na samu aiki, har ƙannena sun fara kawo mini buƙatunsu. Ana cikin haka wani abokin yayana ya ce ana ɗiban ma'aikata a wata hukumar gwamnatin tarayya, ya riga ya sa sunana, in kawo naira 400,000 a yi mini rajista a fito da takarda. Mahaifiyata ta ce za ta sayar da filinta na gado. Baba, Alhaji danne mini haƙƙi yake yi? In bar shagon in bi wancan?

Ɗanka daga Kano

Wa'alaikumus salam ɗana. Sau biyu na karanta wasiƙarka, na biyun da biro a hannu ina ja wa kalmomi layi, kuma abin da nake nema ban gan shi ba. Duk tsawon labarin babu inda wani ya buɗe baki ya ce "na ɗauke ka aiki". Kawunka cewa ya yi ya kawo ka. Alhaji cewa ya yi ka zauna da su. Abokin yayanka cewa ya yi ya sa sunanka. Mutanen gida kaɗai ne suka ce ka samu aiki, su kuwa ba su ne masu biyanka ba.

Kada ka ga kamar wasa nake yi da harshe. Bahaushe yana da kalmomi da dama na shigar da mutum cikin hidimar wani, kuma kowace da irin nauyin da take ɗora wa mai gida. Wanda bai bambance su ba sai ya yi ta jiran abin da ba a taɓa yi masa alkawarinsa ba, ya ƙulla gaba da mutumin da bai ma san ana binsa bashi ba.

Mu fara da shago, don nan ne rayuwarka take a yau.

"Ga ɗanka nan na kawo maka" tsohuwar magana ce a kasuwa, kuma ina da yaƙinin duk wanda ke rumfar a ranar ya gane ta, kai kaɗai ne ka ji ta da kunnen ɗan makaranta. Ma'anarta an ba da kai. Ka zama yaron shago, Alhaji ya zama ubangidanka. A wannan tsari ba a yanka albashi. Ubangida yana ɗaukar cinka da suturarka, in ka kwanta ciwo shi ne da magani, wani ma har aure yake yi wa yaronsa. Kai kuma kana ba da ƙarfinka da amanarka, kana koyon abin da ba a koyarwa a aji: wane dila ne ke shiga, wane baƙo ne ake ba bashi a yi barci, wane ne in ya fita da kaya sai dai a yi masa addu'a. Bayan shekaru sai a sallame ka, wato a ba ka jari, ko a buɗe maka rumfa, ko a riƙa ba ka kaya kana sayarwa kana biya. Shi ya sa 'yan kasuwa ba sa cewa Alhaji ya ɗauki wane. Cewa suke ya jawo shi jiki, ko yana riƙe da shi. Ɗinkin Sallar nan da ka ambata kamar ba komai ba, a wurin Alhaji shaida ce cewa yana sauke nauyinsa.

Ba na raina wannan tsari. Manyan attajirai da yawa a Kantin Kwari da Singa daga nan suka taso, kuma sau da yawa jarin sallama ya fi abin da ɗan albashi zai iya tarawa a shekarun. Amma yana da ɓaraka ɗaya babba: ba a sa masa rana. Na san wani bawan Allah da ya yi shekara goma sha huɗu a rumfar ubangidansa, kowa a layin ya san shi ne idon Alhaji, kowa ya ji Alhaji yana cewa "wane ai nawa ne, ina sane da shi". Rana ɗaya Alhaji ya kwanta dama. Da aka zo rabon gado, malamin da ke rabo ya tambaya ko akwai mai bin mamaci bashi. Mutumin nan yana zaune a bakin tabarma, ya buɗe baki ya rufe, don bai san sunan da zai kira abin da yake bi ba. Ba albashi ba ne, ba a yanka ba. Ba jari ba ne, ba a ambaci adadi ba. Magada suka yi masa godiya, suka ba shi turmi biyu na atamfa ya kai wa iyalinsa. Ba mugaye ba ne, "ina sane da shi" ce ba ta shiga lissafin gado. 'Yan kasuwar Ibo da ke Sabon Gari suna da irin wannan riƙo, sai dai su tun ranar da aka kawo yaro dangi ke zama a faɗi shekarun da zai yi kafin a sallame shi. A nan sun fi mu dabara, kuma ba abin kunya ba ne mu ara.

Abin mamaki, addininmu ya daɗe da faɗar haka. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Risala ya wuce ta babin ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, inda aka ce tana halatta idan an yanka mata lokaci kuma an ambaci lada. Ka duba Suratul Ƙasas, aya ta 26 da ta 27. 'Yar dattijon Madyana ta ce wa mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki, don mafi alherin wanda za a ɗauka shi ne ƙaƙƙarfa amintacce. Dattijon bai ce "zo ka zauna da mu" ba. Ya faɗi shekara takwas, ya ce in ka cika goma wannan daga gare ka ne. Annabi ne guda ake magana da shi, surukuta ce za a ƙulla, amma aka ƙidaya shekaru. Saboda haka in wani ya ce maka tambayar sharaɗi rashin kunya ce ko rashin tawakkali, ka san bai yi nisa a karatu ba.

Gobe in ka buɗe shago, ka tsaya ka kalli ɗan dakon da ke sauke muku kaya. Kafin ya sunkuya ya taɓa dila sai ya ce, "Nawa ne, kuma ina za a kai?" In ba a daidaita ba ya saɓa ƙyallensa a kafaɗa ya yi gaba, ba fushi ba gaba. Bai yi difloma ba, amma ya fi ka sanin abin da yake ciki. Shi ɗan ƙwadago ne, ladansa na aikin da ya yi ne nan take, ko na yini. Mai haƙa rijiya ko mai buga bulo yakan yi jinga: a yi cinikin aikin dungurungum, ya gama yau ko ya gama jibi, kuɗin ba ya canjawa. A ƙauye akwai gayya, wadda ba a biya ko sisi, sai tuwo da fura da kiɗa, amma kowa ya san ranar da aka kira gayyar gonar wanda ya zo maka, dole ka saɓa fartanya. Duk waɗannan kowa ya san farkonsu da ƙarshensu. Haya kuwa ta gida ce da mota da keke. In ka ji an jingina ta ga mutum, to da ƙyar in ba zagi ba ne: sojan haya, 'yan bangar da aka yi hayarsu, taron siyasar da aka cika da hayar mutane. Wani yaro ya taɓa rubuto mini cewa kamfani ya yi hayarsa, na ce masa Allah ya sawwaƙe, ɗaukarka aka yi.

Ɗauka aiki ita ce kalmar da ke jawo albashi. In an ce an ɗauke ka, to akwai adadi, akwai ƙarshen wata, akwai ranar da ka kama aiki. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta wajabta wa wanda ya ɗauki ma'aikaci ya ba shi takarda cikin wata uku da fara aiki, mai bayyana irin aikin, da ladan, da yadda za a rabu. Mafi ƙarancin albashi kuma tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, sai dai bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka shago irin naku ba ya ciki. Na faɗa maka wannan don ka sani ne. Kada ka kuskura ka je wa Alhaji da sashe na 7 a baki. Ranar za ka ji ɗaya ma'anar sallama.

To Alhaji danne maka haƙƙi yake? Da abin da ka rubuto, ban ga zalunci ba tukuna. Na ga mutum biyu da kowa ke tafiya da fassararsa. Amma akwai inda nake bayanka. Yaron shago na asali yana zuwa ne hannu rabbana, bai san komai ba, shekarun farko koya masa ake yi. Kai ka zo da ilimin lissafi, kuma aikin akawu kake yi: littafin bashi, shigar kaya da fitarsu, banki. Da Alhaji zai nemo mai yin wannan daga waje, biyansa zai yi. Ya san haka, kuma in mutumin kirki ne ba zai ji haushin a tuna masa ba. Babban mai laifi a wurina kawunka ne, da ya ajiye ka kamar saƙo ya juya bai tsaya an yi magana ba. Kai ma da naka, wata takwas kana cika kana batsewa, kana ƙirga ƙarshen wata a zuci.

Hanyar gyara ta wurin kawun nan take. Shi ya kai ka, shi zai koma. Ka same shi a gida bayan sallar isha'i, ba a waya ba, ka fara da godiya, sannan ka ce masa wani abu kamar haka: "Kawu, ina jin daɗin zama da Alhaji, ban da wani ƙorafi a kansa. So nake in san matsayina don in san yadda zan tsara rayuwata. Ma'aikaci ne ni a yanka mini albashi, ko yaronsa ne ni in san shekarun da zan yi da irin sallamar da za a yi mini?" Ka lura ban sa maka "haƙƙina" a ciki ba. Da zarar ka furta ta, kawu zai ji ƙara ka kawo, ya shiga kare amininsa.

Kafin ka je, ka yanke wa kanka wanda kake so, don ana iya juyo maka da tambayar. In albashi ne, ka san ba zai yi yawa ba, kuma ranar da aka rabu ba ka da jari a wuyan kowa. In riƙo ne, ka nemi a faɗi shekaru, a faɗi siffar sallamar, a gaban kawu da wani dattijo na layin, a rubuta ko da a ƙaramar takarda ce, kowa ya sa hannu, kuma babban ɗan Alhaji ya san da ita. Akwai hanya ta uku da 'yan kasuwa suka sani sarai: ɗan albashi kaɗan na riƙe littafi, sannan a bar ka kana kawo masu saye kana cin la'ada, ko a riƙa ba ka turmi kaɗan kana juyawa da sunanka. Da ni ne kai, mai shekara 26 da difloma a hannu, ta ukun zan roƙa. Tana ba ka abin sawa a aljihu yau, tana kuma koya maka tsayawa da ƙafarka.

Wani abu kuma, tunda kai ke kai kuɗi banki. Shaiɗan zai zo maka da lissafi mai kyau, ya ce wata takwas sau kaza, ai naka ne, cire kawai. Ko naira ɗari kada ka taɓa. Duk ƙarfin maganar da kawu zai yi a gaban Alhaji yana kan cewa littafinka bai taɓa samun giɓi ba.

Yanzu abokin yayanka. A nan ba zan yi maka kwana-kwana ba: kada Hajiya ta sayar da filinta.

Aikin gwamnati matakala ne, kowane tsani da sunansa. Ana fitar da sanarwa a jarida ko a shafin hukumar na intanet. Mai nema ya cike fom, wannan ita ce rajista. Sai tantancewa, a duba takardu da shekaru da jihar da ka fito. Sai jarrabawa, sai ganawa. Wanda ya haye a ba shi takardar ɗauka, wadda yara ke kira ofa. Ya je ya kama aiki, a buɗe masa fayil, sunansa ya shiga tsarin biyan albashi. Ko a nan bai gama zama ba, sai ya yi shekara biyu na gwaji kafin a ba shi takardar tabbatarwa. Ka nemo mini "na sa sunanka" a cikin wannan jeri. Babu. A wace takarda aka sa shi, a teburin wa? Ni ma yanzu zan iya sa sunanka a bayan ambulan ɗin da ke gabana.

Rajista kuwa ita ce tsanin ƙasa, inda kowa da kowa ke tsayawa. Ka tuna ranar 15 ga Maris 2014, da aka tara masu neman aikin hukumar shige da fice a filayen wasa na Abuja da Fatakwal da Minna da Benin da sauran garuruwa. Sama da mutum 500,000 ne suka yi rajista, kowa ya biya naira 1,000, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. Aka yi turmutsutsu, mutane suka mutu. Dukansu an yi musu rajista. Wannan ma ta gaskiya ce, wadda hukuma ta sanar da bakinta. Taka fa, ta naira 400,000, wadda ba sanarwa, ba rasit, kuma na tabbata asusun wani mutum za a ce ka tura? Kuɗin da ake biyan gwamnatin tarayya asusun gwamnati na bai-ɗaya yake shiga, ba ya bi ta aljihun abokin yayan kowa. Rundunar soja da ta 'yan sanda duk sanda za su ɗebi sababbi sai sun nanata cewa fom kyauta ne. Kuma an sha kama mutane da takardar ɗauka ta jabu, wasu har sun yi watanni suna zuwa ofis suna jiran albashin da ba zai zo ba. Cinikin biri a sama ke nan. In ma an yi sa'a gurbin na gaske ne, sunan abin cin hanci, kuma ka fara aikin gwamnati da bashin filin mahaifiyarka a ka.

Kalmar da ya yi maka amfani da ita ma ta isa ta sa ka tsaya. Ɗiba ta ruwa ce da hatsi, abin da ake kamfata ba a ƙirga ɗaiɗai. Shi ya sa ake cewa ɗiban soja, ɗiban 'yan sanda, a kwashi samari a kai su wurin horo, kamar Depot na soja a Zariya. Kakanninmu sun san wata ɗibar da ba sa son tunawa, ɗiban gwamna, lokacin da Turawa suka riƙa sa sarakuna da hakimai su tara ƙarti a tura su haƙar kuza a Jos ala tilas, musamman daga 1942 zuwa 1944 da Yaƙin Duniya na Biyu ya tsananta. Abin nufi, ɗiba ba ta ɓuya. In hukuma na ɗiban mutane, gari duka zai ɗauka, za ka ji a rediyo, za ka ga layi a shagunan intanet. Ɗibar da mutum ɗaya ne kawai ya san da ita, yake raɗa maka a kunne, ba ɗiba ba ce.

Ko abin da gwamnati ta yi da gaske ma sai an saurari sunan da ta kira shi. Da aka fara N-Power a 2016, matasa da yawa sun yi walima sun ce sun samu aikin gwamnati, wasu har suka yi aure a kan naira 30,000 ɗin da ake ba su. Alhali alawus aka ce, ba albashi ba, kuma shiri ne mai wa'adi. Da aka sallami rukunin farko da na biyu a 2020, sai ka ji ana cewa an kore mu daga aiki. Haka malaman zaɓe da ake ɗauka duk kakar zaɓe, na wucin gadi ne, ana gama ƙirga ƙuri'a an gama da su.

In kana so ka gwada abokin yayan naka ba tare da ɓata zumunci ba, ka ce masa ya faɗa maka sunan hukumar da inda aka buga sanarwar, za ka cike fom da kanka, in takarda ta fito ka kama aiki ka ga albashin farko, za ka yi masa alheri. Ka zuba ido ka ga yadda zancen zai koma "ai gurbin ba zai jira ba".

Mutanen gida kuma ka gyara musu kalma tun yau. Ka ce wa Hajiya da ƙannenka kasuwa kake koyo a wurin Alhaji, ba a fara biyanka ba. Za su ɗan ji babu daɗi na kwana biyu, amma buƙatun za su ragu, kuma ita Hajiya za ta daina ganin kamar kana samu kana ɓoyewa.

Kada ka bar shagon kafin kawu ya je ya dawo. Ka ba shi mako biyu, in ya yi nauyin ƙafa ka sake tuna masa. Idan Alhaji ya ce "ai zan sallame shi in lokaci ya yi", kawu ya daure ya tambaye shi wane lokaci, kuma da me. In ya dawo da amsa ka sake rubuto mini, ka kawo mini maganar Alhaji da kalmomin da ya faɗe ta, kada ka fassara mini.